Darasi na 12: Kamun Kifi a Gaya, Lissafinsa da Dokokinsa

Gaya na zaune a bakin kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara, can ƙarshen kudancin jihar Doso, kimanin kilomita 300 daga Yamai. Tsallaken ruwa Malanbil ce ta ƙasar Benin, gada ta haɗa su tun 1958, ta gabas kuma ga Kamba ta jihar Kebbi. Kogin ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya yi tafiyar kilomita wajen 550 a cikin Nijar, sannan ya faɗa Najeriya ƙasa kaɗan da Gaya, wajen Dole. Saboda haka tarwaɗar da masunci ya jawo da asuba a Tara ko Albarkaize, mai yiwuwa a fadamar Benin aka ƙyanƙyashe ta, a ruwan Nijar ta yi ƙiba, a wata kasuwar Najeriya kuma za a sayar da ita banda. Duk mai son tsara sana'ar su a irin wannan wuri, tambaya guda ce ke gabansa: wanda ya ƙyale ƙaramin kifi yau, wane tabbaci yake da shi cewa shi ko ɗansa zai kama shi in ya girma? Wannan darasi zai nuna cewa dokar da ta ba masunci wannan tabbaci ita ce ke aiki, wadda ba ta ba shi ba kuwa, komai kyan rubutunta, a takarda take kwana.

Sai mu fara da yadda kifin kansa ke rayuwa, don daga nan lissafin ya taso. Kogin Isa na cika sau biyu a wannan yanki. Akwai cikar damina, wajen Agusta da Satumba, ruwa ja mai laka wanda rafuka da ƙoramu ke zubowa. Akwai kuma ruwan da ya sauka a Gini, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu, ya riga ya tace lakarsa ya yi duhu. Idan ruwa ya fara hawa, yawancin kifaye sukan bar tsakiyar kogi su bi shi cikin fadama, inda burugu da sauran ciyayi suka nutse. Nan suke zuba ƙwai. Balli yakan share wuri ya yi sheƙa zagayayya cikin ciyawa a ruwa marar zurfi, yauni ya haɗa tasa tana yawo bisa ruwa, ƙarfasa kuma wasu irinta a baki suke goyon 'ya'yansu. 'Ya'yan kifi na samun abinci da maɓoya a wannan ciyawa wata da watanni. Da ruwa ya soma janyewa sai su nufo kogi ta 'yan mashigai, waɗanda suka makara kuma su maƙale a tafkuna. Yawan kifin bana ya dogara ne da faɗin ƙasar da ruwa ya rufe bara, da tsawon lokacin da ya yi kwance a kanta. Kuma a wurare biyu kifi ya fi rauni: a sheƙarsa lokacin hayayyafa, da bakin mashigi lokacin da ƙanana ke komawa kogi. Mutum guda da ya tare mashigi da jerin gura ko raga mai ƙananan idanu yana iya kwashe abin da jirage da yawa za su ci a shekara mai zuwa.

To me zai sa mutum mai hankali, wanda ya gaji su kaka da kakanni, ya yi haka? Manomi ba ya cinye irinsa, domin gonar tasa ce, abin da ya shuka shi zai girbe. Ruwa kuwa ba shi da iyakar gona. Masunci ya san in ya saki ƙaramin kifi, na bayansa ne zai kama, don haka bari ba ya ƙara masa komai sai yunwa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Kanada, Scott Gordon, ya bayyana wannan a 1954, ya nuna cewa a ruwan da kowa ke iya shiga, jirage za su yi ta ƙaruwa har ribar sana'ar ta ƙare ƙaf. Ga misali da alƙaluman da muka ƙaga don sauƙin fahimta. A ce tafki ne da jirage 20 ke su a cikinsa, kifin shekara ya kai sefa miliyan 10, kowane jirgi kuma yana cin jika 200 a raga, gyara da ladan aiki. Kowa ya samu jika 500, ribarsa 300, ribar gari duka miliyan 6. Maƙwabta suka gani, jirage suka zama 40. Kifi bai ninka ba, don tafkin bai ƙara faɗi ba. A ce ya kai miliyan 12. Yanzu rabon kowa jika 300 ne, riba 100, ta gari ta sauko miliyan 4. Tunda har yanzu da 'yar riba, wasu za su shigo. A jirage 60, kifin yana nan a miliyan 12, kuɗin da aka kashe ma miliyan 12. Mutum sittin sun sha rana da sauro shekara guda, ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi lalaci, amma miliyan shidan nan ta narke. A lura cewa a wannan misali kifin bai ma ragu ba tukuna. Arzikin ne ya fara tafiya kafin kifin.

Abin da ke biyo baya kowa na ganinsa a bakin ruwa. Idan rabo ya ragu, masunci yakan rage idon ragarsa don ya cika kwando. Da can tsofaffi da zare suke saƙa kalli da birgi, aiki mai cin lokaci, shi kansa yana taƙaita yawan ragar da ke cikin ruwa. Ragar nailan ta shigo ta sauƙaƙa abin, daga baya aka samu ta roba siririya wadda kifi ba ya gani, mai arha, wadda ko ta yage aka yar takan ci gaba da kama kifi a ƙarƙashin ruwa. Masunta da yatsu suke auna ido: mai yatsa huɗu, mai uku, mai biyu, har a kai inda ake jan gidan sauro a bakin gaɓa ana kwasar abin da bai kai ɗan yatsa ba. Sannan ga bashi. Da yawa ba da kuɗinsu suke sayen raga ba. Ɗan kasuwa ko mai banda ke ba su, bisa sharaɗin duk abin da aka kamo nasa ne a farashin da ya yanka. Wanda ake bi bashi ba ya iya cewa yau zan huta wa ruwa. Dubi tanderun banda a irin wannan lokaci: maimakon gunduwa-gunduwar giwan ruwa ko ramboshi, sai 'yan ƙarfasa da ƙurungu jere a kan waya, mace na juya su ɗaya bayan ɗaya cikin hayaƙi, itacen da za a ƙona iri ɗaya ne, kuɗin da za a samu bai kai rabi ba.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar su ta Nijar mai lamba 98-042, ta 7 ga Disamba 1998, ta wajabta lasisi ga mai su don sayarwa, ta hana guba da nakiya da lantarki, ta hana taru da ragar da ke sharar ƙasan ruwa irin kindi-kindi da tarun duru, ta kuma hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 in an miƙe shi. Waɗanda suka rubuta ta sun san ruwa, tunda da awon masunta suka yi magana. Matsalar tana wajen aiwatarwa. Ma'aikatan ruwa da gandun daji kaɗan ne, gaɓar doguwa ce, ga tsibirai da rassa, su kuma da dare ake yawan yinsa. Abin da ya fi sauƙin yi shi ne karɓar kuɗin lasisi, shi ya sa a idon masunci lasisi ya zama haraji kawai. Lasisin da ake ba duk wanda ya biya ba ya rage jirgi ko ɗaya daga sittin ɗin nan na misalinmu. Ƙara wa kowannensu kuɗin kashewa yake yi, wanda kuma zai fanshe daga ruwa. Haka ƙwace raga: in an ƙone ta wani a Gaya alhali na ƙauyen gaba yana jan irinta, darasin da mai ragar ya koya shi ne ya riƙa ɓoyewa.

Akwai masu cewa duk wannan ɗora wa talaka laifi ne, kifi ruwa ke kawo shi, ruwa ke tafiya da shi. Hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma ya kamata a saurare ta da kyau. Binciken da Raymond Laë ya yi a fadamun tsakiyar Mali ya nuna kifin da ake kamawa ya faɗi da wajen rabi tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da shekarun fari na 1980, kuma faɗuwar ta bi sawun raguwar ambaliya ƙafa da ƙafa. A watan Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai. Ba masunci ne ya jawo wannan ba. Ba shi ya gina madatsar Markala ko ta Selinge a Mali ba, ba shi ya aza harsashin madatsar Kandaji a 2008 ba, ba shi ke kewaye fadama da ganuwar ƙasa don noman shinkafa ba, ba shi kaɗai ya sare itatuwan da rashinsu ke tura yashi cikin kogi ba. Duk gaskiya ne. Sai dai abin da hujjar ke nunawa shi ne a faɗaɗa dokar su ta fita daga bakin raga ta hau tudu. Duk hekta ɗaya ta burugu da aka mayar gonar shinkafa, an cire ta ne daga wurin renon kifi, ya kamata a sa wannan a ma'auni kafin a tona, shinkafar da za a samu a gefe guda, kifi da ciyawar dabbobin da za a rasa a ɗaya gefen. Dausayin Albarkaize da kewayensa ya shiga jerin wuraren yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2001, amma sunan da ke cikin jeri ba ya hana kowa datse mashigi. Sannan a shekarar da ruwa ya gaza, iyayen kifin da suka tsira a 'yan guraben da ba su ƙafe ba su ne jarin shekara mai zuwa. Kifin fadama na da saurin farfaɗowa in ruwa ya dawo, amma sai an bar waɗanda za su haihu. Ƙarancin ruwa ƙara wa dokar nauyi yake yi.

Wasu kuma, musamman waɗanda suka yi karatu a waje, sukan ce a yi yadda manyan ƙasashe ke yi: masana su ƙiyasta kifin da ke ruwa, a yanka adadin da za a kama a shekara, a raba wa masu jirage kaso-kaso. Niyuzilan ta kama wannan hanya a 1986, Aisilan ma haka take yi. Can jiragen manya ne masu rajista, tashoshin sauke kaya ƙidayayyu, kowane kwando ana ɗora shi a sikeli. A gundumar Gaya kifi iri-iri ne ke faɗawa raga guda, ana sauke shi a kowace gaɓa, wani a ci a gida, wani a yi musayarsa da gero, yawansa kuma yana hawa da sauka da ambaliyar da ba wanda ya san girmanta kafin ta zo. Kuɗin ƙidayar kaɗai sai ya fi kuɗin kifin. Ko inda ake da masana da jiragen bincike ƙiyasi na kuskurewa: Kanada ta rufe kamun kifin kod a gabashinta a Yulin 1992 bayan ya kusa ƙarewa, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. Abin da za a iya tsarewa a Gaya shi ne abin da ido ke gani daga gaɓa: wane wuri, wane wata, wace raga, su wane ne a ruwan.

Irin wannan tsari kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Dendi da Kabi. Sarkin ruwa shi ke cewa an rufe tafki kaza har ruwa ya ja, shi ke sa ranar buɗewa, shi baƙon masunci ke gaisarwa kafin ya jefa raga. Bikin Argungu da aka fara a 1934 mutane na kallonsa a matsayin wasa, amma manyan kifayen da ake fitowa da su da homa a kogin Matan Fada sun girma ne saboda an hana su a wurin sauran shekara, kuma gari duka ya san hanin. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta tattara misalai daga ƙasashe da dama da ke nuna cewa jama'a na iya riƙon dukiyar tarayya ba tare da ta lalace ba, muddin an san iyakar wurin da waɗanda ke da haƙƙi a ciki, masu amfani da shi suna da baki a dokar, masu tsaro daga cikinsu suke, horo yana farawa da sauƙi ya yi ta nauyi, hukuma kuma ta amince da tsarin. A tafkin Kainji, wanda madatsar 1968 ta haifar ƙasa da Gaya, wani aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a shekarun 1990 ya bi ta hannun sarakunan ruwa wajen ba da lasisi da hana tarun dala mai kwashe 'ya'yan kifi. Dalilin da ya sa wannan hanya ta fi shi ne ta amsa tambayarmu ta farko. In tafkin Albarkaize na mutanen da aka sani ne da sunayensu, aka rufe shi wata huɗu, wanda ya haƙura ya san ranar buɗewa yana cikin masu shiga, maƙwabcinsa kuma ba zai iya satar su da dare ba tare da an ga sabon kifi a tanderun matarsa ba.

Kada a ɗauka sarauta ba ta da nata ciwo. Sarkin ruwa mutum ne, ana iya saye shi, yana iya rufe tafki ga talaka ya buɗe wa mai kuɗi, ko ya jinginar da mashigi ga ɗan kasuwa. Kuma kalmar 'yan gari takan zama sanda a kan baƙo, alhali su a wannan kogi tun asali sana'ar tafiya ce: Sarkawa masu jin Hausa daga Kabi sun daɗe suna haurawa da gangarowa da jiragensu, har Jean Rouch ya yi rubutu a kansu a 1950. Tsarin da ya kore su ya zalunci mutanen da suka fi kowa sanin ruwan. Maganin shi ne kowa ya riƙe abin da ya iya. Majalisar masunta, da sarkin ruwa da wakilan baƙi da mata masu banda a ciki, ta yanke wurare da watannin rufewa, a shelanta a kasuwa da masallaci. Magajin gari ya sa hannu a rubuce. Ma'aikacin gandun daji ya zama wanda ake kira in mai ƙarfi ya taka doka, da wanda talaka ke kai wa ƙara in majalisar ta yi son kai. Wani kaso na kuɗin lasisi da tara ya tsaya a wurin, a ga abin da aka yi da shi. Ga mai cewa talaka ba ya iya jiran wata huɗu, amsa ita ce lokacin hayayyafar kifi ya zo daidai da damina, sa'ad da yawancin masuntan yankin ke gona, kifi ma ya bazu cikin ciyawa yana wuyar kamu. Kuma ba kogin duka ake rufewa ba, sheƙa da mashigi ne. Wanda ba shi da gona, shi ya kamata a fara dubawa da rancen raga mai halattaccen ido, don canza raga kuɗi ne. Kiwon tarwaɗa a kududdufi na taimakawa, sai dai yana son jari da abincin saye, don haka ba kasafai yake zama mafitar mai jirgi ɗaya ba.

Saura iyaka, wadda ita ce ta bambanta Gaya da sauran wurare. Ranar 12 ga Yulin 2005 kotun duniya da ke Heg ta raba gardamar Nijar da Benin: iyaka ta bi mafi zurfin hanyar jirgi a kogin, tsibirai 16 har da Lete suka zama na Nijar, 9 na Benin. Hukuncin ya kashe rigimar ƙasa, amma ya bar garken kifi guda a ƙarƙashin dokoki biyu, uku ma in an gangara Dole. Idan gaɓar hagu ta hana raga mai yatsa biyu, ta dama ta ƙyale, masuncin Gaya da ya bi doka kiwo yake yi wa na Malanbil, kuma ya san haka. Tabbacin da muke nema ya rushe ke nan tun daga tushe. Hukumar raya kogin Isa, mai ƙasashe tara da mazauni a Yamai tun 1980, ita ce inuwar da ta dace da batun madatsu da rabon ruwa. Amma daidaita idon raga da ranar rufe tafki bai kamata ya jira taron ministoci ba. Masuntan gaɓoɓin nan dangin juna ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar Gaya, kwale-kwale ne ya ci gaba da ƙetarar da mutane da kaya. Sarakunan ruwan Gaya, Malanbil da ɓangaren Kebbi na iya zama su yanke awo guda da kalanda guda, kowanne ya kai wa hukumar ƙasarsa ta sa hannu a nata gefen.

Kasuwa ma wurin doka ce, wataƙila ma ta fi bakin ruwa sauƙin tsaro. Gaɓoɓi ba su ƙirguwa, amma manyan masu sayen banda da motocin da ke ɗaukar kwalaye zuwa Doso, Yamai ko Kamba an san su. Muddin akwai mai sayen kifin da bai kai ba, za a samu mai kamo shi, musamman a lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi daga 2023, kuɗin kwali ya ragu in an juya shi sefa, masunci ya nemi cike giɓin da yawa. In ƙungiyar 'yan kasuwar kifi ta shiga yarjejeniyar, aka sa awon da ba a saye ƙasa da shi, mai ba da bashin raga ya zama shi ma yana da abin rasawa in ya ba da haramtacciya, to an kama igiyar ta inda take da kauri. A nan ne kuma za a iya mayar wa masunci wani abu nan take. Kifin da ke ruɓewa kafin ya kai tanda, da wanda ya ƙone, da wanda ƙwari suka cinye a ajiya, an riga an cire shi daga ruwa ba wanda ya amfana. Tanda mai jerin faifan waya irin ta Corko da aka ƙirƙiro a Gana tana cin itace kaɗan tana gasa da yawa, ƙanƙara kuma tana ba mai ɗanyen kifi damar ƙin farashin farko da aka taya masa. Majalisar da ta zo wa masunta da hanin wata huɗu a hannu ɗaya, ya kamata ta zo da tanda da ƙanƙara a ɗayan, a kuma rubuta duka biyun a takarda guda da magajin gari zai sa wa hannu.